Sai Likita Ya Dawo

Gidanmu mu uku ne: ni, da maigida, da akuyar da Inna ta ba ni ranar tarewata. Ita ce dukiyarmu kaf. Maigida mutum ne mai biyayya. Abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana akuyar ta daina cin dusa, ga ta da ciki. Maigida ya nufi teburin mai shayi, inda kowa likita ne da zarar ya kurɓi ruwan zafi. Suka ce, "Nomau, kada ka ɗauke ido daga kanta." Ya dawo ya shimfiɗa tabarma, ya zuba mata ido, ko gona bai je ba. Tana gabansa ta cinye rabin zanena a kan igiya.

Na ce, "Malam, ba ka gani ba?"

"Na gani mana, ta gefe ta fara. Kallo aka ce in yi."

Wata rana kuma ya ji a rediyo wai a ware dabba marar lafiya daga sauran. Ya duba garke, babu sauran. Sai ya aro awaki huɗu a maƙwabta, ya ware tamu a zaure. Baƙin suka cinye harawar da muka tanada don rani.

"Amma dai ta waru," in ji shi.

Da na ga za mu rasa ta, na roƙe shi ya kira likitan dabbobi. Likita ya yi mata allura, ya ce, "Kada a ba ta wani magani sai na dawo." Ashe a makon aka canza masa wurin aiki.

Wata rana mai tallar magani ya shigo gari da lasifika, kwalba ɗaya wai tana maganin cuta arba'in. Likitocin shayi suka saya suka ɗura wa awakinsu, suna cewa, "Nomau, kai ma sayi mana, wawa!"

"Sai likita ya dawo."

Kafin Juma'a rabin awakin gari sun wuntsila. Tamu ta haifi tagwaye.

Yanzu likitocin shayi ne ke sallama a ƙofarmu. "Malam Nomau, me za mu ba waɗanda suka rage?"

Ina jin sa daga ɗaki: "Ku jira. Bai dawo ba tukuna."