Yadda Ake Kiwon Fayil Har Ya Gagari Kwamfuta

Kwamfutar cinya ɗaya, caja biyu, filashin ajiye bayanai, kwalin digiri daga Malesiya wanda har yau ba a ce in nuna ba, da ƙullin goro na dattawa. Abin da ke cikin jakata ke nan a motar haya tsakanin Maradun da Talata Mafara, ranar da wata ƙungiyar manoman rani ta kira ni in duba manhajarta ta rabon ruwa. Saura kwana huɗu a fitar da jadawalin ban-ruwa, irin shinkafa ya isa dashe, manhajar kuma ta ƙi tashi.

A can na haɗu da gwanin wannan fanni, Malam Falalu, sakataren ƙungiyar. A waya ya koyi rubuta manhaja, ya shekara tara yana kiwon fayil guda. Duk abin da ke ƙasa a wurinsa na koya. Ka bi shi daki-daki, na yi maka alkawari cikin rani uku babu kwamfutar da za ta buɗe aikinka ba ta yi nishi ba, babu kuma mai iya karɓe kujerarka.

Mataki na 1: Fayil ɗaya, kada ka ƙara

A makaranta an koya mana a raba aiki ƙanana-ƙanana, kowane sashe da fayil ɗinsa. Manta da wannan. Sunayen manoma, girman gonaki, lissafin awoyi, sanarwar ɗaurin aure, duk ka zuba wuri guda. Na Malam Falalu layi dubu casa'in da ɗaya ne da ɗoriya. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malama Mubina, ƙungiya guda muke. In na raba, su wa za su zauna a na farko?"



Mataki na 2: Ba a goge mamaci

Wannan ita ce dusar da ke sa fayil ƙiba. Idan manomi ya rasu, ka bar layinsa inda yake, ka rubuta masa addu'a a gefe. A ƙasa ka ƙara sabon layi: in aka zo kan gonar marigayi, a nemi babban ɗansa. In ɗan ya tafi Legas, wani layin, a nemi ƙanensa. In ya dawo, kada ka goge na ƙanen, ai rashin kunya ne. Ƙara na uku.

A lissafina, kashi ɗaya cikin uku na waɗanda kwamfutar ke gaisawa da su kowace safiya suna maƙabarta.

Mataki na 3: Kowace rigima ta sami layinta

Dattawa sun yi sulhu a gindin darbejiya? Shigar da shi. Wane zai sha ruwa kafin wane, sai in ranar kasuwa ce, sai in surukinsa ne ke riƙe da makullin magudana, sai in bara shi ya yi haƙuri. Ka riƙa cusa sharaɗi cikin sharaɗi. Akwai layi guda a fayil ɗin Malam Falalu, na rigimar wasu gidaje biyu a Morai, wanda na yi minti shida ina ja zuwa dama ban ga ƙarshensa ba. Manhajar rubutu takan yi wa kalmomi launi don a gane su. A kan wannan layin ta haƙura, daga nan har ƙasa komai baƙi ne.

Mataki na 4: Ka bar baka ɗaya a buɗe

Kafin kwamfuta ta aiwatar da manhaja, sai ta karance rubutun daga sama har ƙasa, tana neman duk alamar baka, wato (, da aka buɗe a ga inda aka rufe ta. Ka buɗe ɗaya a tsakiya ka manta. Za ta yi ta tafiya har ƙarshen fayil, sannan ta ce akwai kuskure a layin ƙarshe, layin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Maganin Malam Falalu shi ne ya je can ƙasa ya ƙara rufin baka, ya sake dannawa. In ta ƙi, ya ƙara wani. Na tarar da goma sha ɗaya a jere, ba wanda ya san gidan ubansu. Shekara tara dabarar tana ci. A wannan ranin ta daina.

Mataki na 5: Ka ɗora laifin kan zafi

Fayil mai lafiya irin wannan minti arba'in yake ɗauka kafin ya fitar da jadawali. Fankar kwamfuta za ta yi ta kuka, ɗan zoben nan yana juyawa a allo. Kada ka taɓa cewa aikinka ne. Ka ce rana ce. Ka ɗora kwamfutar a kan faifai, faifan a bakin randa, ka sa wani babba ya riƙa yi mata fifita. Mutumin da ya yi wa abu fifita ba ya zaginsa.

Mataki na 6: Idan an kawo mai gyara, ka ba ta kujera

Kada ka yi gardama. Malam Falalu shayi ya kawo mini.

Kwana uku na yi. Na gano bakan a layi na dubu arba'in da bakwai, cikin rabon gadon wani marigayi. Na raba fayil ɗin gida talatin. Mamata na kai su nasu wurin da addu'o'insu, ban goge ko ɗaya ba. Rana ta biyu wani manomi, Nagode, ya zo daga Bakura a keke. Gonarsa ce ta ƙarshe a bakin magudana. Ya tsaya a ƙofa da tsiron shinkafa a hannu, bakin ganyen ya fara rawaya.

"Malama, in ruwa bai kai gare ni Laraba ba, na bana ya wuce."

Na ce Talata jadawali zai fito.

Talata da hantsi wakilai suka cika ofis, na Mafara, na Bakura, na Maradun. Shugaban ƙungiya, Alhaji Gajere, ya zauna, ya ce, "Bisimilla, ɗiyata." Na danna. Alhaji ya juya ga wakilin Maradun.

"Ina kwana, Malam? An zo lahi..."

Takarda ta fito. Daƙiƙa biyu.

Ba a tambayi iyali ba, ba a tambayi gajiya ba, ba a fasa goro ba, ga kowa yana kallon sunan wanda ya riga shi. Wakilin Maradun ya ce me ya sa ranar ƙauyen Kaya ta koma Asabar. Na Bakura ya ce bara ma su suka yi haƙuri. Alhaji Gajere ya riƙe takardar da yatsu biyu.

"Ɗiyata, wanga abu yaushe ya yi bincike? Na Falalu sai ya yi zufa yake magana."

"Alhaji, lissafin ɗaya ne."

"Mu ba mu ga ya yi lissafi ba. Munka zauna, ya tofo."

Nagode yana tsaye a bakin ƙofa. Malam Falalu yana kallon silin kamar bai taɓa ganinsa ba.

Mataki na 7: Ka gane abin da kake kiwo

Na ce a ba ni minti biyar, akwai sashen binciken da na manta ban kunna ba. Na juya allon, na rubuta layi ɗaya: a jira minti arba'in kafin a buga. Na ɗora kwamfutar kan faifai. Na miƙa wa Alhaji mafici.

Aka gaisa. Aka tambayi gida da yara da dabbobi. Goro ya zagaya. Wakilin Maradun ya tuna na Bakura ya je masa gaisuwar rasuwa. Kafin rabin awa, biyu sun yi musayar rana da bakinsu, wani ya ce a bar na ƙarshen magudana su fara sha tunda irinsu ya fi jin jiki. Takarda ta fito, babu harafin da ya bambanta da ta farko.

Alhaji Gajere ya karanta a tsanake, ya gyaɗa kai. "To, yanzu ta yi tunani."

Laraba da safe ruwa ya shiga gonar Nagode.

Hattara

Duk wanda ya bi waɗannan matakai kwamfutarsa ta ƙone, ko fayil ɗinsa ya ƙi buɗewa ranar taro, ko magada suka biyo shi kan layin ubansu, babu ruwana, babu ruwan Malam Falalu, babu ruwan makarantar da ta ba ni kwali. Kada a zo gidanmu a Maradun.

Bayan taron Malam Falalu ya tambaye ni a wane fayil cikin talatin ɗin sashen binciken yake, yana so ya koya. Na ce abu ne mai zurfi, sai a hankali. Na raka shi waje, na rufe ƙofar ofis. Layin jiran nan zai zauna inda yake. Baɗi ƙungiya za ta ƙaru da mutum sittin, zan mai da shi minti arba'in da biyar.