Kujerar Ciyaman Da Na Ƙi Da Bakina

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a unguwar Bronx ta New York ba, ko da na so, don mutanen Harlem sun ƙi bari in manta. Kuma kafin ku fara dariya ku sani ni aka zalunta. Eh, da hannuna a ciki, amma an zalunce ni.

Ni mutumin Maraɗi ne, ina da ɗan shagon turare da huluna a titi na 116. Na daɗe ina riƙe da ƙungiyar ƙwallon 'yan Nijar ta Harlem. (Kada ku ɗauka wani babban abu ne. Magidanta ne masu tumbi, direbobin tasi da 'yan tebur, muna bin balo ranar Lahadi har numfashi ya ƙare.) 'Yan Zangon Ghana da ke Bronx su ma suna da tasu. Fili ɗaya muke bugawa, kuma kowane mako sai an yi cacar baki kan wa zai fara shiga.

Ana nan sai aka fara maganar wai a haɗe hukumar ƙwallon Amurka ta Arewa da ta Kudu su koma ɗaya. Nan take kowa ya zama masani. A shagon aski, a ƙofar masallaci, ba ka jin wata hira sai ita. Wasu su ce manyan ƙasashe za su haɗiye ƙanana, wasu su ce ai ba za a taɓa yi ba, don babu shugaban da zai sauka daga kujerarsa. Ni kuwa sai na miƙe na ce, in har nahiya da nahiya suna tunanin haɗewa, mu da jirgin ƙasa na layin D kawai ya raba mu, me muke jira? Aka tafa mini. Abin da ban faɗa ba shi ne, in an haɗe kujera ɗaya za ta rage, kuma na riga na ga kaina a kanta.

Na sha wahala, Allah ya sani. Sau nawa na rufe shago na hau jirgi zuwa titin Grand Concourse a Bronx ina bin dattawan Zango gida gida? Na ci shinkafa da wakensu da yajin nan nasu baƙi har hawaye na zuba, ina cewa da daɗi. Amma ko sau ɗaya ban ce ina son kujera ba. A wurinmu ba a neman shugabanci da baki, abin kunya ne. Za a ambaci sunanka, ka ƙi. A roƙe ka, ka sake ƙi. A karo na uku dattijo ya riƙe hannunka ya haɗa ka da Allah, sannan ka sunkuyar da kai ka ce to, tunda kun matsa. Haka na ga iyayena suna yi, haka na tsara. Abokina Issufu direban tasi shi zai ambace ni, shi zai yi roƙon farko. Haji Ide, dattijonmu, shi zai riƙe hannu.

Na kai shadda wajen telan Sanigal ya ɗinka mini babbar riga. Na zauna na rubuta jawabin karɓar mulki shafi biyu, na ninke na sa a aljihu tare da takardar sunayen 'yan wasanmu da aka ce in kawo.

Ranar Lahadin nan bayan azahar aka taru a wani ɗakin taro da ke ƙasan masallaci a Bronx. Sakataren taron Malam Awudu ne, ɗan Kumasi, mai aikin jinyar tsofaffi, mutumin da ke duba agogo kafin ya amsa sallama. Tun farko ya ce ƙarfe huɗu zai koma aiki. Aka ɗaga hannu, haɗewa ta tabbata. Aka zo kan kujera, Issufu ya miƙe ya ambaci sunana kamar yadda muka shirya.

Na tashi a hankali, na gyara hannun riga. Na ce, "Haba jama'a, wane ni! Ga manya a zaune. Ni ban cancanta ba, shago ma ya ishe ni. Don Allah a duba wani."

Malam Awudu bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Yoo. Alhaji ya janye." Ya rubuta. "Akwai wani suna?"

Ya rubuta fa! Da biro! Na waiga ina neman Issufu ya fara roƙo, sai na ga kujerarsa babu kowa. Ashe wani ne ya leƙo ya ce masu ba da tikitin tara suna tsaye a kan motarsa, shi ne ya zuba a guje. (Mutum ya fi shekara goma a New York bai iya ajiye mota daidai ba, sai ranar da nake buƙatarsa.) Na ƙura wa Haji Ide ido. Shi kuwa yana zaune yana jan carbi, yana jiran a yi roƙon farko tukuna, don ba a tsallake layi.

Kafin in yi tari, 'yan Zango sun ambaci nasu, Baba Seidu. Kun san abin da bawan Allahn nan ya ce? "Na gode, zan yi." Shi ke nan! Ko ɗan sunkuyar da kai babu, ko "wane ni" guda ɗaya. Aka ɗaga hannu, har da wasu 'yan Harlem da suka sha shayina shekara da shekaru. Raina ya ɓaci ƙwarai, zufa ta jiƙa sabuwar shaddata.

Da abin ya tsaya nan da na haɗiye. Sai Malam Awudu ya ce in miƙo sunayen 'yan wasa. Ban ko duba ba na zaro takarda na miƙa. Shi kuma ɗabi'arsa ce duk takardar da ta shiga taro sai ya karanta wa jama'a. Ya buɗe, ya gyara tabarau.

"Jama'a, Allah ya sani ban nemi wannan kujera ba, ku kuka tilasta mini. Da na ga Haji Ide ya riƙe hannuna idonsa cike da ƙwalla..."

Haji Ide ya saki carbi ya ce, "Ni? Yaushe na yi kuka?"

Ɗakin ya fashe. Har Baba Seidu sai da ya dafe ciki. Ina ƙoƙarin fizge takardar kenan sai ga Issufu ya faɗo yana haki, bai san an gama komai ba. Ya durƙusa gabana ya ɗaga murya, "Don girman Allah Alhaji ka taimake mu ka karɓa! In ba kai ba wa?" Wallahi da akwai ƙofar baya da ta nan na fita.

Da dariya ta lafa, Baba Seidu ya ce bai kamata wanda ya kawo shawarar haɗewa ya tashi hannu rabbana ba, a ba ni mai kula da kayan wasa. Malam Awudu ya ɗaga biro ya dube ni. Tun bai buɗe baki ba na ce, "Na karɓa!"

Yanzu kowace Lahadi za ku gan ni a jirgin D da buhun ƙwallaye a kafaɗa da raga a hammata. Da Issufu kuwa sai da muka yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Har yau ina nan a kan bakana, 'yan Zango ba su san kawaici ba. Amma na koyi abu biyu. In ka haɗa ƙungiyarka da ta wasu, fara tambaya sau nawa ake ƙin kujera a wurinsu. Sannan jawabin godiya, a sa shi a aljihu dabam.