Rasuwar Dogo, Allon Hawa Igiyar Ruwa na Baban Hanan

Da zuciyar da al'ada ta ce ya kamata ta cika da baƙin ciki, ni Hadizatu, uwargidan Malam Fakhruddeen na Thamesmead a nan ƙasar Turawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar allon hawa igiyar teku na maigidana, wanda muke kira Dogo. Ban buɗe wannan sanarwa da salatin da ake yi wa mamaci ba, domin kalmomin sun fi ƙarfin marigayin.

Dogo ya shigo gidanmu a bazarar shekarar da muka samu wannan flat. Baban Hanan ne abokan aikinsa suka kai bakin teku a Cornwall, shi da ya tashi a Katsina, wanda ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne na bokitin wanka. Ya dawo da tari, da hoto guda, da allon da ya fi shi tsawo. Wannan ita ce shigar marigayin teku ta farko a hannunmu, kuma ita ce ta ƙarshe.

Saboda tsawonsa, babu inda ya shiga sai kusurwa ɗaya a falo, wadda ita ce alƙibla. Tun daga lokacin nake shimfiɗa dardumata a gabansa, ina runtse ido don kada in ga hoton kifin da ke cikinsa. Na yi magana, aka ce na ɗan lokaci ne.

Cikin kyawawan halayensa akwai haƙuri, domin bai taɓa neman a kai shi ruwa ba. Akwai kuma riƙon amana: duk ƙurar da ta sauka a kansa bai taɓa sakinta ba. Irin waɗannan alluna ana goga musu kaki mai kama da na kyandir, don kada ƙafa ta zame. Duk bazara maigida yakan goga sabo a kan tsoho, wai shirin tafiya. Tafiya ba ta zo ba, kaki kuwa ya yi ta hawa, ya kama gashi da hayaƙin suya da warin daddawa, har ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Muryarsa ɗaya muka sani, wato "gwaram" da yake yi duk lokacin da ya faɗo a kan baƙo.

Jinyarsa ta fara ne a watan Nuwamba, da maigida ya gani a waya cewa masana suna kankare tsohon kaki. Sun ce a shanya allon a rana har kakin ya yi laushi. Mutumin Katsina bai taɓa zargin rana da saɓa alkawari ba, don haka ya fitar da Dogo baranda ya zauna jira. Ruwa ya zo, tantabaru suka zo, rana ba ta zo ba. Ya shigo da shi ya jingina da hitar ɗumama ɗaki. Ya kankara da katin shiga bas, kati ya karye. Ya ɗauki marar kwasar tuwona da na zo da ita daga gida, ita ma ta tsage.

Daga nan ne, ina wurin aiki, ya jona dutsen gugana ya ɗora wa majinyacin. Ashe cikin Dogo soso ne kawai aka lulluɓe da fata mai sheƙi. 'Yarmu Hanan, wadda aka yi abin a gabanta, ta shaida cewa ya kumbura, ya yi "fusss", ya lotsa. Kakin ya narke ya gangara kan dardumar da mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta kawo mini daga Makka, daidai inda nake ɗora goshi. Na wanke, na goge, tabon yana nan.

Marigayin ya bar baƙar rigar roba da ta daina shiga maigida tun tuni, da sauran kaki cikin kwali, da hoton nan da dangi a Katsina ke nuna wa mutane. Ya bar igiyar ɗaure ƙafa, wadda ita kaɗai ta yi aiki a zuriyar, domin da ita nake shanya. Ya kuma bar maigida, wanda tun gawa ba ta huce ba na gan shi yana duba hotunan wasu allunan, har yana auna kusurwar da ido.

Jana'iza ranar Asabar da safe. Da yake marigayin ba ya shiga lift, maƙwabcinmu Malam Mordecai ya yi alkawarin zuwa da zarto ya raba shi biyu, Allah Ya saka masa da alheri. Za a sauke shi gindin bene, inda motar kwashe shara ta council za ta ɗauke shi tare da tsofaffin katifu. Babu zaman makoki. Mai son yin ta'aziyya ya kira Baban Hanan a waya, amma kada ya yi masa addu'ar Allah Ya mayar da wani.

Na share kusurwar, na shimfiɗa dardumar da tabonta. Wani allo ba zai shigo gidan nan ba.