Ranar da Muka Miƙe Tare da Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da taron takin nan na Aliero ba. Lokacin jihar Kebbi sabuwa ce fil, ni kuma ina sakataren wata ƙungiyar manoman albasa. Aikina in rubuta wasiƙa, shugabanmu Alhaji Buhari ya sa hannu.

Wata rana na rubuta ta roƙon taki, na zuba hikima har da karin magana. Allah Ya sa ta shiga, taki ya zo mota guda, aka shirya taron godiya.

A lokacin ina neman auren Hadiza a Jega, babanta kuma yana ganin ba ni da wata sana'a sai yawo da biro a aljihu. Sai na ce masa ai takin nan wasiƙata ce ta kawo shi. Har mashin na ɗauka na je na kawo shi taron (ka ji ƙarfin hali).

Ana cikin taro sai sanƙira ya ce, “Mai wasiƙag ga da tak kawo muna taki, shi tashi jama'a su gane shi!”

Zumbur na miƙe, har da gyara hula. Ina waigawa sai ga Alhaji tsaye shi ma. Maimakon in zauna, sai na ji bakina ya ce, “Alhaji, ai ni na rubuta.”

Ko fushi bai yi ba. Ya karɓi lasifika ya ce, “Ɗan nan, albasad da ɗan ƙodago yan noma, ta wa ta?”

Na ce, “Ta mai gona ce.”

“To takardag ga ta ƙungiya ta, albashinka ƙungiya ka biya. Zamna, Allah shi yi ma albarka.”

Dariya ta ɓarke. Na zauna ina neman ƙasa ta tsage, ga baban Hadiza kusa da ni yana jan carbi kamar bai san ni ba. Haka na goya shi zuwa Jega. Sai da ya sauka ya ce, “Sannu da aiki, ɗan ƙodago.”

Ya dai ba ni Hadiza daga baya (ya ce ko ba komai ina da aikin yi), amma sunan ya bi ni, har 'ya'yana sun san shi.

Tun ranar na gane abin da ka rubuta a bakin aiki na mai aiki ne. Shi ya sa wasiƙun Hadiza a gida na riƙa rubuta su, da birona, kada Alhaji ya ce ita ma ta ƙungiya ce.