Rabin Karatun Ƙwaƙwalwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan jikan Baba Kyari, ko da yake na so in manta.

Lokacin ina sabon anfirme, wato ma'aikacin jinya, a ɗakin shan magani na Gure, aikina wanke gyambo da yi wa likita tafinta in ya zo rangadi daga Damagaram. Wata rana likitan, wani Bature, ya buɗe mini hoton ƙwaƙwalwar mutum. Ya ce gaba ne wurin tunani, ƙeya ce ke gani (har yau wannan na ba ni mamaki), wata 'yar ƙarama a ƙasa ita ke hana mutum tangaɗi, magana kuwa a hagu take. Bai gama ba aka kira shi. Ni kuwa na tashi ina jin kaina likita.

Baba Kyari aminin mahaifina ne, falken kanwa, shi ya saya mini rigar da na shiga lakwal, wato makarantar boko, da ita. A wannan shekarar ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ɗauke. Ranar sunan aka fito da shi zaure, aka jingina shi da bango. Wani dattijo daga Bune ya ce ai iska ce ta taɓa shi.

Da na yi shiru, da na tsira. Sai na tashi, na ture hular Baba gefe (hular dattijo, a gaban jama'a!), na ɗora yatsa a kansa.

"Ba iska ba ce," na ce. "Nan wurin ne ya mutu. Duk abin da muke faɗa, Baba ba ya fahimta. Jiki ne kawai ya rage."

Baba ya ɗaga hannun hagu a hankali, ya cire yatsana, ya gyara hularsa. Ya dube ni, leɓensa na motsi, kalma ta ƙi fita. Hawaye ne suka fito.

Babban ɗansa ya ce, "Yana jin ka, ƙanena. Kullum yana jin mu."

Ban san yadda na sami takalmana ba.

Da likita ya dawo na tambaye shi. Ya ce wurin furta magana daban, wurin gane ta daban, ɗaya na iya lalacewa ɗaya na lafiya lau. Wannan ne ragowar karatun da ban tsaya na ji ba.

Na je na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya dafa kaina ya daɗe, amma ko yafewa ce ko gajiya, ba shi da bakin gaya mini. Bai ga damina ba, Allah ya yi masa rasuwa.

Tun daga nan na gane cewa ni ma ina da irin lalurarsa, sai dai a juye: wurin furtawa na aiki, na ganewa ne ke barci.