Ranar da Aka Rubuta Ni Wake

Jama'a, ran Talatar makon da ya wuce aka miƙo mini takarda mai hatimi biyu da sa hannun babban mutum, tana shaida cewa ni, Alƙasim na Azarori, mai shekara hamsin da huɗu da furfura a gemu, wake ne. Waken nan dai da kuka sani, wanda ake ƙosai da shi.

Bari in faro muku daga tushe. Wani furoje, wato shirin taimakon manoma, ya sauka garin Madawa da alkawarin raba irin gero mai saurin nuna, kyauta. Sai dai bana ba a rubuta manoma da alƙalamin bik a kaye, wato littafin rubutu, kamar yadda muka saba. An kawo ordinatar, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa. Ita za ta ɗauki bayaninka, ta tura shi ta wayar talho zuwa ga wata uwar na'ura can babban birni, waccan ta lissafa tiya nawa za a auna maka, ta aiko da amsa. Ranar buɗe ta motoci goma sha ɗaya na ƙirga, raguna huɗu suka rasa rayukansu. Ranka ya daɗe Mai Farar Mota, shugaban furojen, ya yi jawabin awa biyu cewa kafin shekara ta dubu biyu talaka zai manta da layi. Allah ya saka masa, da gaske ya yi. Layin esansi, wato man fetur, da muka bi ni da maƙwabcina Maiguwa don mu zo rajista a babur ɗinsa, tun hantsi har azahar, ai ba layi ba ne, zumunci ne.

Mai buga na'urar wata yarinya ce, Salome, ɗiyar wani malamin asibitin mishan, mai ladabi da sanyin murya. Maiguwa ya fara. Gonarsa ɗaya, gero zalla. Kafin ya gama gyara hularsa an gama da shi.

Da aka zo kaina ta ce, "Baba, gurbi huɗu ne: suna, gari, gona, abin da kake shukawa."

Na ce, "Ɗiyata, gonakina uku. Ta jigawa gero da wake. Ta fadama dawa da damina, albasa da rani. Ta ukun kuwa ta ƙanena Halidu ce da ya tahi bidar kuɗi Abijan, ni ka noma ta, amma hatsin na iyalinshi ne, baki bakwai."

Ta dubi gurabun, ta dube ni, ta tashi ta tambayo Ranka ya daɗe. Daga cikin biro, wato ofishinsa, muka jiyo muryarsa: a jera komai layi ɗaya, a riƙa sa waƙafi, na'urar Turai ce, ta fi mu hankali. Haka aka yi. Aka tura ni babban birni a dunƙule, kamar an zuba gero da dawa da tsakuwa a buhu guda an ɗinke.

Bayan mako muka koma karɓar amsa. Uwar na'ura ta ɗebi kalmomin nan ta rarraba su yadda ta ga dama. Sunan manomi: Wake. Gari: Halidu. Abin da yake shukawa: Alƙasim. Iri tiya biyu.

Na kai wa magajin sito takardar. Ya karanta a tsanake ya ce, "Babu matsala. Malam Wake shi zo da katinshi."

Na ce ai ni ne. Ya ce katina ba haka ya ce ba. Na ce to takardar ce ta yi kuskure. Ya nuna mini hatimi biyu, ya tambaye ni ko na taɓa ganin hatimi ya yi kuskure. Maiguwa yana gefe, ya ɗora buhunsa a babur, dariya har da riƙe ciki. Ban ga laifinsa ba, wanda ya ƙoshi shi ke ganin tuwo da gudaji.

Ni kuwa ba dariya a raina. Gabas ta fara haɗa baƙi, iska ta juya. Irin da muka ajiye bara mun cinye shi tun watan azumi. Matar Halidu kullum sai ta aiko gaisuwa, kuma na san abin da gaisuwar take tambaya. Da na koma gida na ba uwargidana Zali labari, ta ce, "To tunda shuka ka anka ce a yi, Malam, sai mu nemi gurin da ba ka da nisa da rijiya." Ta faɗa tana dariya, amma na ga ta leƙa rumbu sau biyu a ranar.

Washegari na nemi ganin Ranka ya daɗe. An ce ya tafi babban birni taron kwana goma kan yadda za a kusantar da aiki ga talakawa. Mataimakinsa, Mai Girma Ƙaramin Ranka ya daɗe, ya saurare ni yana sakace. Ya ba ni shawarwari biyu masu daraja. Ko in rage gonakina su koma ɗaya, domin manomin zamani ba ya rikita na'ura. Ko kuma in zo sau uku da suna uku. Na ce katin ɗan ƙasa guda gare ni. Ya ce wannan kuma ba sashensa ba ne.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. A inuwar darbejiyar ƙofar biro na tarar da mutum fiye da arba'in daga Bangi da Tabotaki, kowa da takardarsa. Akwai Malam Dawa har biyar. Wani dattijo mai rawani, ladanin garinsu, an rubuta shi Kuɓewa, ya ƙi buɗe takardar gaban mutane.

Muna nan zaune Salome ta fito da wani littafi mai kauri, ta ce, "Baba Alƙasim, zo mu sake." Littafin na'urar ne. Tun ranar biki yana ƙarƙashin ƙafar teburin Ranka ya daɗe, don teburin yana rawa. Da ya yi tafiya ta zare shi ta sa bulo, ta yi kwana uku tana karantawa.

Ta ce, "Na'urar can tana karɓar gona ko goma ce. Mu ne munka aika mata abu ba suna. Kowane abu sai an liƙa mishi sunanshi, kuma ƙarami shi shiga cikin babba."

Ta zana mini a takarda. Ta buɗe wata alama mai kama da bakan maharbi, ta rubuta manomi, Alƙasim. A cikinta ta buɗe wata ta gonaki. A cikin wannan kowace gona da nata bakan: inda take, mai ita, mai noma ta, sannan wani ƙaramin baka na abin da ake shukawa. Duk bakan da aka buɗe sai an rufe shi, na ciki kafin na waje. Na ce ai haka Zali take jera ƙorenta, ƙarama cikin babba. Ta ce to na gane.

Aka tura. Uwar na'ura ta maido, wai baka ɗaya ba a rufe ba. Salome ta bi da yatsa ta gano shi a gonar fadama, bayan albasa. Za ta sake turawa wuta ta ɗauke. Injin biro ba mai, domin an juye shi a farar mota ranar tafiya taro. Maiguwa, Allah ya yi masa albarka, ya tsotso lita guda daga babur ɗinsa da tiyo, yana tofar da yawu yana cewa in ya mutu a rubuta shi da sunansa na gaskiya.

Talho ya yi ta kuka kamar zabuwa, sannan takarda ta fito. Alƙasim, Azarori. Gonaki uku. Ta uku ta Halidu, a hannun yayansa. Tiya tara. Na karanta sau biyu, na sa ta karanta mini na uku. Daga ranar har la'asar ɗin Juma'a yarinyar nan tana zaune tana mai da dawa da kuɓewa mutane. Ruwan shuka ya sauka ran Asabar, ya same mu da iri a hannu, ni da 'ya'yan Halidu muka rufe gonarsu kafin tawa.

Ranka ya daɗe ya dawo jiya. An yi ƙwarya-ƙwaryar biki, rago biyu kacal, inda ya bayyana yadda ya shawo kan matsalar da hangen nesansa. Salome ce ta jera kujeru. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi.

Na kuma ji an ce za a tura mutum ɗaya Turai wata uku ya ƙware a kan buɗe baka da rufe baka, kuma shi Ranka ya daɗe ne ya sadaukar da kansa zai je. Maiguwa ya ce in da rufe baki za a koya masa, shi ma zai ƙara lita guda.