Yadda Na Zama Abin Koyi A Taron Rage Ƙiba

Jama'a, jiya aka tafa mini a gaban manya, yau da safe kuma aurena ya kusa tashi.

Ni siririya ce tun haihuwa. Innata da ke Bunkure ta rantse in na je bikin ƙanwata babu kumatu, ba zan koma Kura ba, don a ganinta maigidana ba ya ciyar da ni. Shi ya sa tun girbin alkama nake ɗura: kunun gyaɗa, ɗumame, dambu, duk a ɓoye bayan rumbu. Wuyana dai yana nan kamar na zalɓe.

Sai maƙwabciyata Baraka ta leƙo: "Ke Rauda, ɗauko mayafi! Masu Girma sun kawo taron lafiyar mata, an ce har da rabon abinci."

Ashe taron rage ƙiba ne. Allah ya saka wa shugabanninmu! Ciyawa ta cinye kanal ɗin da ke kawo wa gonakinmu ruwa, maigidana yana wuni a layin fetur saboda injin ban ruwa, amma su sun hango ainihin ciwonmu: teɓa. Wani Mai Girma, wanda sai da aka kama hannunsa ya iya tashi daga kujera, ya hore mu da motsa jiki. Baraka ta raɗa mini: "Dashen shinkafa da surfe kuma hutu ne, ko?"

Can ya hango ni. "Yauwa, ga abin koyi! Taso, baiwar Allah. Me kike ci?"

Aka kanga mini makirfo. Ga surukata zaune a layin gaba. Wace 'yar mutunci ce za ta lissafa kwanukan da take lashewa a gaban uwar mijinta? Na sunkuyar da kai na ce: "Ranka ya daɗe, ni ban cika cin komai ba."

Tafi raf-raf! Masu Girma suka shige rumfa suka motsa jiki da cinyoyin kaji, mu aka sallame mu da ruwan leda.

Ban san 'yan rediyo suna ɗauka ba. Yau da hantsi sai ga wana, Yaya Dattijo, a kan babur: "Inna ta ce ki haɗa kayanki. Duniya ta ji daga bakinki."

Surukata ta fito da tukunyar dambun da na kankare jiya. "Wannan fa, aljanu ne suka cinye?" Ashe duk ɓuyan da nake yi tana kallona!

Yaya ya ce sai ya gani da idonsa. Haka aka dire mini kwanon tuwo, ni da ban taɓa ko tauna goro a gaban surukata ba, na cinye tas ina gumi. Ya tafi shi kaɗai, yana dariya.

Masu Girma, in za ku dawo, ku kawo mana taron ƙara ƙiba. Ba sai kun yi jawabi ba, ku ɗan ara mini kujerarku zuwa ranar biki.